Waya Ta Fara Yi Wa Makaho Karatu, Amma Kada Mu Mai Da Ita Uzuri

Wata magana na ji a wani zama, kuma har yau tana ci mini rai. Ana tattauna yadda wata ma'aikata za ta sabunta takardun da jama'a ke cikewa ta intanet. Wata mata ta ɗaga hannu ta ce takardun duk hotuna ne aka ɗora, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke allo ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsu. Sai wani babba a wurin ya kaɗa hannu ya ce, "Hajiya, wannan ai tsohon zance ne. Yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira. Su haska waya a kai ta karanta musu." Aka wuce batu na gaba.

Ni ina cikin masu murna da wannan fasaha, kuma ina ganin tana cikin abubuwa mafi amfani da suka zo wa masu larurar gani a zamaninmu. Amma matsayina shi ne: kayan aiki ce a hannun makaho, shi zai ce ga inda ta yi masa rana, ga inda ta gaza. Ranar da masu ido suka mai da ita hujjar sauke nauyin da ke wuyansu, to an karɓe wa makaho da hannun hagu abin da aka ba shi da dama.

Abin da ta kawo ba ƙarami ba ne

Mai ido ba ya cika lura da yawan karatun da yake yi a yini. Takardar asibiti, rubutun jikin kwalbar magani, ranar da kayan gwangwani za su lalace, lambar ƙofa, saƙon da aka maƙala a bango. Duk wannan, shekara da shekaru, makaho sai ya nemi wani ya duba masa.

Kuma neman wani yana da tsada, ko da wanin nan mai ƙaunarka ne. Wanda ya karanta maka sakamakon gwajin asibiti ya san ciwonka. Wanda ya karanta maka takardar banki ya san abin da ke aljihunka. Wanda ya karanta maka wasiƙa ya riga ka jin sirrinka, ya kuma zaɓi muryar da zai faɗa maka da ita. Akwai magidanta da ƙaramin yaro ke karanta wa takardar bashi. Wannan ciwo ne da ba a cika faɗa ba.

Yanzu dubi yadda abin yake. Mace ta zauna ita kaɗai a ɗakinta, ta shimfiɗa takarda a kan tebur, ta ɗaga waya sama da ita. Murya ta ce mata gefen hagu na takardar bai fito ba. Ta ɗan gusa hannu. Muryar ta ce ta tsaya haka, kada ta motsa. Aka ɗauki hoton, sai karatu ya fara daga layin farko. In ta ga dama ta dakatar, ta koma baya, ta sake saurara sau uku, ba wanda zai gaji ko ya yi tsaki. In kwalin kaya ne, wayar tana ƙara sautin ƙara yayin da take kusantar lambar nan mai zane-zane da ke jikinsa, har ta kama ta faɗi sunan abin.

Wannan ba daga sama ya faɗo ba. A 1976 Ray Kurzweil ya fito da injin farko da ke karanta bugaggen rubutu da murya, girmansa ya kai na injin wanki, kuma makarantu da manyan ɗakunan karatu ne galibi ke iya sayensa. A 2009 kamfanin Apple ya saka manhajar karanta allo mai suna VoiceOver a cikin iPhone, ya zama makaho na iya sarrafa allon da ba shi da maɓalli ko ɗaya da za a taɓa a ji. A 2017 Microsoft ya fitar da Seeing AI, a 2019 Google ya fitar da Lookout, manhajojin waya da ke faɗa wa makaho abin da kyamara ta gani. Be My Eyes, wadda ta fara a 2015 tana haɗa makaho da mai ido ɗan sa-kai ta kiran bidiyo, ta ƙara wani sashe a 2023 mai suna Be My AI, wanda ke bayyana hoto dalla-dalla.

Bambancin na baya-bayan nan shi ne ana iya yi masa tambaya. Da can manhaja za ta ce "mutum biyu, waje, bishiya", shi ke nan. Yanzu uba makaho zai iya ɗaukar hoton zanen da 'yarsa ta yi a makaranta ya tambaya wane launi ta shafa wa rufin gidan, mutum nawa ta zana a ƙofa. Duk wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, bai zauna da mai larurar ya ji ta bakinsa ba.

"To in tana karantawa, ina matsalar?"

Matsalar tana nan a kan takardar da aka yi magana a kanta. Karanta hoton takarda daban, cike ta daban. Waya za ta iya gaya maka cewa akwai wurin rubuta suna da wurin rubuta ranar haihuwa, amma ba za ta mai da hoto ya zama gurbin da za ka shiga ka rubuta ba. Da an gina takardar yadda ya kamata tun farko, da manhajar karanta allo ta bi da mutum gurbi bayan gurbi, ya cike ya aika cikin minti kaɗan, ba tare da ya ɗauki hoton komai ba.

Wanda bai taɓa saurarar wannan manhaja tana aiki ba, ya nemi ya saurara sau ɗaya. A shafin da aka gina da kulawa za ka ji tana cewa "maɓalli, aika", "maɓalli, soke". A shafin da aka yi sakaci kuwa sai ka ji "maɓalli, maɓalli, maɓalli". Ɗaya na tura kuɗi ne, ɗaya na fasawa, kuma ba abin da zai nuna maka wanne ne wanne. Gyaran wannan kalma ɗaya ce mai gina shafin zai rubuta a bayan kowane maɓalli. Shi ya san aikin maɓallin, don shi ya saka shi. Me ya sa za a bar na'ura ta yi hasashen abin da mutum ya sani tabbas?

Kuma sakacin ya yi yawa. Cibiyar WebAIM da ke Amurka tana duba shafukan farko na gidajen intanet miliyan 1 da aka fi ziyarta duk shekara, kuma duk shekara fiye da kashi 90 cikin 100 na fitowa da kurakuran da ke tare wa masu larura hanya. Kurakuran ma ba masu wuya ba ne: rubutu mai dusashewa a kan fage mai kama da shi, hoto ba bayani, gurbi ba suna.

An ma samu kamfanonin da suka mai da wannan lalaci kasuwa. Suna ce wa masu shafuka su liƙa ɗan layi guda na umarnin kwamfuta, ƙirƙirarriyar basira za ta gyara komai da kanta. Makafi da yawa sun yi ta kukan cewa abin yana ƙara dagula musu shafi. A 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta sa ɗaya daga cikinsu, accessiBe, biyan dala miliyan 1 saboda iƙirarin da ya yi kan abin da manhajarsa ke iya yi. Wato maganar da babban nan ya yi a zamanmu, an riga an gwada ta a kasuwa, kuma an ga inda ta ƙare.

"Ai kullum ƙara ƙwarewa take yi"

Haka ne, tana ƙaruwa. Amma akwai wani hali nata da ya fi shafar makaho fiye da kowa. Irin wannan basira ba ta cika yin shiru in ba ta gane ba. Takan cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya, ta faɗe shi da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiyar.

Ɗan jagora na mutum, in hasken wuri bai ishe shi ba, zai ce "tsaya, ban gani sosai ba". Za ka ji shakka a muryarsa, ka rage sauri. Na'ura kuwa za ta iya ganin rubutun da ya ɗan goge a jikin kwalba ta karanta 50 a inda aka rubuta 5.0, ba tare da muryarta ta girgiza ba. Mai ido in ya tambaye ta abu ta yi kuskure, zai kalli hoton ya ce a'a. Makaho da me zai gwada? Dalilin da ya sa ya tambaya tun farko shi ne ba shi da hanyar dubawa.

Don haka kuskure ɗaya cikin ɗari ba nauyi ɗaya yake da shi a ko'ina ba. In ta kira riga shuɗiya alhali koriya ce, an yi dariya an wuce. In adadin magani ne, ko lambar asusun da za a tura wa kuɗi, ko sharaɗin da ke ƙasan takardar da za a sa wa hannu, kuskure ɗayan nan ya isa. Abin da nake so daga masu ƙera waɗannan manhajoji, kafin kowane sabon ado, shi ne su koya musu cewa "hoton bai fito ba, sake ɗauka", da "ban tabbata da wannan lamba ba, nemi mutum ya duba". Su kuma bar hanyar kiran mutum a buɗe kusa da hannu, kamar yadda Be My Eyes ta bar 'yan sa-kanta duk da zuwan na'urar.

Batun tafiya a hanya ya fi wannan tsanani. Yawancin manhajojin da ke bayani mai zurfi sai sun aika hoton zuwa manyan kwamfutoci a wani wuri mai nisa, su jira amsa. Daƙiƙa uku ba komai ba ne ga mai karanta wasiƙa. Ga mai tsallaka titi, daƙiƙa uku mota ta iso. Sabis na iya ɗaukewa, caji na iya ƙarewa. Farar sanda ba ta jiran kowa: ta taɓa bakin rami, hannu ya ji nan take. Ta kuma sanar da direba da mai tafiya a ƙasa cewa ga mai larurar gani nan. Shi ya sa hankalina ke tashi in na ji ana cewa tabarau mai kyamara zai maye gurbin sanda. Wanda ya ƙware da sandarsa, tabarau zai ƙara masa sanin sunan titi da lambar motar haya. Wanda aka hana koyon sanda saboda an saya masa tabarau, an jefa shi cikin haɗari.

Haka nan rubutun makafi. Saurare ba ya koya wa yaro yadda ake harhaɗa haruffan kalma, ko inda ake sa aya, ko yadda ake jera lissafi layi bisa layi. Ɗigo shida na Braille a ƙarƙashin yatsa su ke yin wannan. Makarantar da ta ce ta daina koyar da shi tunda waya na magana, ta yaye ɗalibi mai jin karatu wanda bai iya rubutu ba. Ba mai yarda a yi wa yaro mai ido haka.

Masu cewa kayan 'yan gata ne

Akwai kuma masu suka daga ɗaya ɓangaren, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa ana ta hayaniyar tabarau mai magana alhali miliyoyin mutane tabarau na gilashi kawai suke buƙata ba su samu ba.

Alƙaluma na bayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani ta kusa ko ta nesa, kuma a cikinsu aƙalla biliyan 1 matsalarsu da an iya kare ta, ko kuma har yanzu ba a duba ta ba. Manyan dalilan su ne rashin tabarau da ya dace da kuma yanar ido, wadda tiyatar da ba ta kai awa ɗaya ba ke cirewa. Makafi sun kai kimanin miliyan 43 a ƙiyasin 2020, kuma mafi yawan masu larurar gani suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Rahoton da hukumar ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya nuna kusan mutum biliyan 1 ba sa samun kayan tallafin da suke buƙata, a wasu ƙasashen ma kashi 3 cikin 100 ne kawai ke samu.

Na yarda da su a kan wannan: duk gwamnatin da ta bar mutum ya makance da yanar ido sannan ta yi taron raba waya, ta sa keke a gaban doki. Wanda za a iya dawo masa da idonsa, a dawo masa da shi.

Amma ba kowa ne tiyata za ta dawo wa da gani ba. Wanda hawan jinin ido ya cinye jijiyarsa, da wanda aka haifa haka, da wanda ya rasa ido a hatsari, su ma suna da rayuwar da za su yi yau. Ba za a ce su jira sai an gama yi wa kowa aiki ba. Kuma yawancin manhajojin da na ambata kyauta ne. Abin da ke tare hanya shi ne waya mai ƙarfin ɗaukarsu, da kuɗin data, da wutar caji, da wanda zai zauna ya koya wa mutum yadda ake shafa allo da yatsa biyu ko uku. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Waya a hannun wanda ba a koya wa ba, aljihun tebur take komawa.

Sai harshe. Duniya na da harsuna wajen 7,000, waɗannan manhajoji kuwa ƙwarewarsu ta taru a 'yan kaɗan. Dattijuwar da ba ta jin harshen da wayar ke magana da shi, ko wadda aka karanta mata harshenta da lafazin da ya kwaɓe kalmomin, ba a ba ta komai ba. Wannan aiki ne da ke buƙatar a naɗi muryoyin masu harshen, a tattara rubutunsu, a biya waɗanda suka yi. In ana neman inda za a zuba kuɗin jama'a a wannan fanni, nan ne, da kuma manhajojin da ke aiki a cikin wayar kanta ba sai da sabis ba.

Ina hotunan ke tafiya, kuma wa zai tsaya gobe?

Na ce fasahar ta dawo wa makaho da sirrinsa, amma akwai saura. Takardar asibitin da ya ɓoye wa maƙwabci, yanzu hotonta ya tafi kwamfutar wani kamfani. Mai ido yana ɗaukar hoton abin da ya zaɓa. Makaho yana ɗauka ne bai san me ya shigo ta gefe ba: katin banki a kan tebur, ko wani na gida da bai kimtsa ba. Ya kamata a gaya masa da harshe mai sauƙi, a kuma shafin da manhajarsa ke iya karantawa, tsawon lokacin da ake ajiye hoton, da wanda ke iya gani, da ko ana horar da na'ura da shi. Ya kuma samu ikon cewa a'a ba tare da an rufe masa ƙofa ba.

Dogaro da kamfani ma yana da nasa haɗarin. Kamfanin Second Sight na Amurka ya dasa wa mutane fiye da 350 wata na'ura a ido mai suna Argus, wadda ke ba su ɗan hasken gane siffofi. A 2019 ya daina ƙera ta, a 2020 ya kusa rushewa. Aka bar mutane da na'ura a cikin idonsu, in ta lalace ba tabbacin mai gyara. Manhajar waya ba ta kai wannan tsanani ba, amma darasin ɗaya ne. Abin da ake bayarwa kyauta yau ana iya sa masa kuɗi gobe, ko a rufe shi in bai kawo riba ba. Mutumin da ya gina aikinsa da karatunsa a kai fa?

Su wa suka ƙera waɗanda suka yi amfani?

A duba tarihi da kyau. Louis Braille ya makance yana ƙaramin yaro, ya tsara rubutunsa a 1824 yana ɗan shekara 15. Makarantarsa da ke Faris ba ta karɓe shi a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa, don masu idon da ke riƙe da ita sun fi son haruffan da su ma za su iya gani. Ɗalibai ne suka riƙe shi har ya yi nasara.

Ted Henter, wanda ya samar da manhajar karanta allo mai suna JAWS, makaho ne. NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da ta fara a 2006, makafi biyu ne 'yan Ostareliya suka gina ta, Michael Curran da James Teh. Saqib Shaikh, injiniyan da ke cikin jagororin Seeing AI, ya rasa ganinsa yana ɗan shekara 7. Hans Jørgen Wiberg na Denmak, mai Be My Eyes, shi ma mai larurar gani ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ɗaya gefen kuma, kusan kowace shekara sai an ga wata sanda mai girgiza ko hula mai kyamara da masu ido suka ƙera, aka ba su lambar yabo, aka ɗauki hoto da makaho guda, daga nan ba a sake jin labarinta ba. Niyyarsu mai kyau ce, ban musa ba. Sai dai sun fara da tambayar "me na'urarmu za ta iya?" Da sun tambayi mai larurar me ya fi ɓata masa lokaci a makon da ya wuce, da wataƙila ya ce musu injin cire kuɗi ne da ba ya magana, ko littafin makaranta da ba a samu a sigar da zai karanta ba.

Dokoki ma sun riga sun faɗi wanda nauyin ke kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006, ta ɗora wa ƙasashe alhakin buɗe hanyar bayanai da sadarwa a sashenta na 9. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta sassauta dokar haƙƙin mallaka don a iya mai da littattafai sigar da makafi ke karantawa, a kuma tsallaka da su iyaka. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta buɗe wa masu buƙata ta musamman hanya daga 28 ga Yunin 2025, wadda ta shafi bankuna da kasuwancin intanet da littattafan lantarki. Babu ɗaya a cikinsu da ta ce nauyin ya faɗi in makaho yana da waya.

Don haka duk ma'aikatar da za ta sayi manhaja ko ta gina shafi, ta ɗauki masu larurar gani su gwada shi da irin wayoyin da suke riƙewa, kafin a biya ɗan kwangila. A biya su kuɗin aikinsu kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre, kuma in sun ce ba su iya kaiwa maɓallin aikawa ba, a mayar da aikin a gyara kafin a buɗe wa jama'a.